Ma'aikacin Ɗab'in da Ya Nemi Madadin Hauren Giwa

A shekarar 1863, Amurka na tsakiyar yaƙin basasa, wani kamfani a birnin Niyok mai suna Phelan & Collender ya yi shela: duk wanda ya samo abin da za a riƙa yin ƙwallon biliyad da shi a maimakon hauren giwa, yana da ladar dala 10,000. A wancan zamani wannan dukiya ce. Lebura sai ya yi shekaru yana zubar da gumi bai tara rabinta ba.

Biliyad shi ne kakan sinukar nan da samari ke bugawa a ƙarƙashin rumfa a Kano da Kaduna da Maraɗi: tebur mai koren ƙyalle, doguwar sanda, da ƙwallaye masu nauyi da ke gwaruwa da juna. A tsakiyar ƙarni na 19 wasan ya baro gidajen masu hannu da shuni ya shiga otal-otal da mashayu, har ya zama babu garin kirki a Amurka da ba shi da ɗakin biliyad. Wanda ya fi kowa tallata shi shi ne Michael Phelan, haifaffen Ayalan da ya tashi a Niyok. Gwani ne a wasan, ya rubuta littafin koyar da shi a 1850, sannan shi da surukinsa Hugh Collender suka kafa kamfanin ƙera tebura. A 1859 ya kara da wani gwani, John Seereiter, a birnin Detroit a kan dala 15,000, ya kuma lashe. Jaridu suka yayata labarin, kasuwar tebura ta ƙara buɗewa.

Tebur ba ya wuya, katako ne da allon dutse da ƙyalle. Ƙwallon ne matsala. An gwada itace, an gwada yumɓu, babu wanda ya kama ƙafar haure. Haure yana da nauyi daidai misali, yana da santsi, in ƙwallo ya bugi ɗan'uwansa sai ya miƙa masa ƙarfin bugun kusan gaba ɗaya, da wani sauti mai daɗi da 'yan wasa ke gane ƙwallon kirki da shi. Amma ba kowane haure ke yin ƙwallo ba. Dole a yanko shi daga tsakiya, yadda hanyar jijiyar nan da ta ratsa haure za ta bi ta cibiyar ƙwallon, in ba haka ba nauyi ya rinjaya gefe guda, ƙwallo ya riƙa kaucewa hanya. Bayan an yanka gunduwa-gunduwa sai a ajiye ta shekara ɗaya ko biyu ta bushe kafin a kai ta injin gurza. Haure mai kyau guda ɗaya, ƙwallo huɗu ko biyar ake samu a jikinsa. Kuma duk da wannan wahala, haure abu ne da ya fito daga jikin mai rai: yana shan raɓa ya kumbura, sanyi ya tsaga shi, bayan 'yan watanni ƙwallon da aka saya mulmulalle ya karkace, sai an mayar da shi wurin magurji.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Sinuka, wadda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro a Jabalpur ta Indiya a 1875, ƙwallo 22 take ci. Da haure za a yi su duka, tebur ɗaya sai ya lashe haure biyar ko shida, wato na giwa uku.

Kuma ba giwa kaɗai ke biyan kuɗin ba. A Gabashin Afirka, inda haure mai taushi da magurza suka fi so yake fitowa, fatake irin su Tippu Tip na Zanzibar suna shiga can cikin ƙurmin Kwango su tara haure, su kama mutane su ɗora musu shi a ka har bakin teku, wanda ya kai da rai a sayar da shi. Ƙasar Hausa ma tana cikin wannan ciniki ta nata ɓangaren. Fatakenmu suna sauka Adamawa, su je har Ngaundere da Banyo su sayo haure su kawo Kano, Larabawan Gadamas su ɗora wa raƙuma su keta Sahara zuwa Tarabulus, daga nan jirgin ruwa ya wuce da shi Turai. Can ake mayar da shi matajin kai, da ƙotar wuƙa, da maɓallan fiyano, da ƙwallaye.

Ana yawan ba da labarin shelar Phelan kamar tausayin giwa ne ya sa shi. Ni ban ga haka ba. Ɗan kasuwa ne da ya ga tebura na ƙaruwa, haure na tsada, ya ji tsoron ranar da zai sayar da tebur babu ƙwallon da za a ɗora a kai. Wannan ba laifi ba ne, amma a kira abu da sunansa.

Cikin waɗanda shelar ta kai wa kunne akwai wani saurayi ma'aikacin ɗab'i a garin Albany, John Wesley Hyatt. An haife shi a 1837 a ƙauyen Starkey na jihar Niyok, ɗan maƙeri ne. Bai yi karatu mai zurfi ba, yana ɗan shekara 16 ya tafi Illinois koyon aikin jera haruffa. Bai san ilmin sinadarai ba, amma yana da hannu da naci, tun 1861 ma ya yi rajistar wata na'urar wasa wuƙa da ya ƙirƙira. Da ya ji zancen dala 10,000 sai ya kafa 'yar rumfa a bayan gida, in ya tashi daga aiki da dare ya shige ta, haka ma ranar Lahadi.

Ya fara da abin da ke kusa da shi: dusar katako, tsummoki, garin ƙashi, ɓawon takarda, ya kwaɓa da ƙaro ya matse a injin da zafi. Abin da ya fito bai yi ƙwallo ba, amma ya yi 'ya'yan dara da na domino masu kyau, har shi da 'yan'uwansa suka kafa ƙaramar masana'anta a kansu. Ke nan tun kafin ya kai ga abin da yake nema, kayan wasa sun fara ciyar da shi.

Daga nan labari ya koma kan wani ruwa da kowane ma'aikacin ɗab'i ya sani a lokacin, kolodiyon. Asalinsa daga wani masani ne a Basel ta Suwizalan, Christian Schönbein, wanda a 1846 ya bayyana cewa in aka jiƙa auduga a gaurayen asid na naitirik da na salfurik, wato irin ruwan batir, aka wanke ta bushe, tana nan kamar auduga a ido amma ta zama albarushi. Sojoji suka yi murna, aka kafa masana'antarta a Faversham ta Ingila, ta tashi da mutane kusan 20 a 1847. Sai dai in ba a bari asid ya ci audugar sosai ba, tana narkewa a alkohol da eta ta zama ruwa mai yauƙi, wanda in ya sha iska yake barin wata fata siririya garai-garai. Masu ɗaukar hoto suna shafa shi a gilashi, masu ɗab'i kuma suna shafawa a yatsu don rufe yanka da ƙuna. Yadda ake ba da labarin, Hyatt ya buɗe kabad wata rana zai ɗauko kwalbar, ya tarar ta kife, ruwan ya daskare ya zama wani abu mai tauri da sheƙi. Ya ɗauka ya jujjuya shi a hannu, ya ga abin da yake nema.

A watan Afrilun 1869 ya yi rajistar ƙwallonsa: ciki cakuɗen da ya saba matsewa, baya kuma an tsoma shi a kolodiyon ya yi masa riga mai santsi. Ya yi kyau a ido, yana da araha, aka fara sayarwa. To amma rigar nan 'yar'uwar albarushi ce. Hyatt da bakinsa ya ba da labarin a 1914, ranar da masana sinadarai na Amurka suka ba shi lambar girma ta Perkin. Ya ce in wani ya kuskura ya taɓa ƙwallon da wutar sigari sai ya kama ci bal-bal, wani lokaci kuma in biyu suka gwaru da ƙarfi sai a ji wata 'yar ƙara tau, irin ta hular bindiga. Ya ce wani mai mashaya a Colorado ya rubuto musu wasiƙa yana cewa shi ƙarar ba ta dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne duk lokacin da ta tashi, kowane namiji a ɗakin sai ya zaro bindigarsa. A Colorado ta wancan lokaci, ƙasar masu haƙar zinariya da azurfa, wannan ba abin wasa ba ne.

Wani da ya ji haka sai ya haƙura. Hyatt ya koma rumfa, wannan karon tare da wansa Isaiah. Babbar illar kolodiyon ita ce ruwan da aka narkar da audugar a ciki: in ya tsane sai abin ya ƙanƙance, ya motse, ya yi kumfa a ciki. Fatar yatsa za ta yiwu, abu mai kauri ba zai yiwu ba. Sai suka koma ga kafur, na asali wanda ake tatsa daga itacen wata bishiya a Taiwan da Japan da kudancin Sin. Suka niƙa audugar da aka yi wa asid, suka gauraya da garin kafur, suka zuba a mazubin ƙarfe, suka matse da ƙarfi suna ba shi wuta. Da zafi ya kama, kafur ya narke ya cinye audugar, duka suka zama dunƙule ɗaya mai taushi kamar danƙo. Da ya huce sai ya yi tauri irin na ƙaho. Ana iya yanka shi, a gurza, a goge ya yi ƙyalli, a rina shi kowane launi, in aka sake ɗumama shi ya sake taushi a ba shi wata siffa. Sun yi rajistar wannan hanya ranar 12 ga Yuli, 1870, Isaiah kuma ya raɗa wa abin suna seluloyid.

A tsaya a dubi abin da mutumin nan ya yi. Ya ɗauki abin da ya tarwatsa masana'anta a Faversham, ya kulle shi a cikin ƙarfe, ya matse, ya hura masa wuta, yana tsaye a gefe. Masanin da ya san abin da ke ciki ba zai yarda ya kwana a unguwar ba. Shi ma Hyatt ya faɗa a jawabin nan na 1914 cewa da ya san gargaɗin da malaman fannin ke yi, da akwai gwaje-gwajen da ba zai taɓa yi ba, kuma su ne suka yi nasara. Ba na ɗaukar wannan a matsayin yabon jahilci, don wuta ta cinye masana'antarsu ta Newark a 1875, kuma gobara ta bi seluloyid duk inda ya je har ƙarshen zamaninsa. Abin da nake gani shi ne mutum mai lura, wanda ya yi shekara bakwai yana gwaji yana gyara, ba ya jin kunyar komawa baya.

Ba shi ne farkon wanda ya yi roba daga auduga ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Alexander Parkes na Birmingham ya nuna irinta a babban baje-kolin Landan na 1862, ya samu lambar tagulla, ya kafa kamfani a 1866. Amma garin neman araha ya yi amfani da kaya marasa kyau, matajan da ya sayar suka lanƙwashe suka tsattsage, kamfanin ya durƙushe a 1868. Abokin aikinsa Daniel Spill ya kai su Hyatt kotu a Amurka, aka yi shekaru ana shari'a, ya yi nasara da fari, sannan a 1884 alƙali ya warware hukuncin ya ce asalin fasahar ta Parkes ce, don haka Spill ba shi da ikon hana kowa. Parkes ya riga kowa gani, Hyatt ne ya sa abin ya yi aiki har ya shiga kasuwa ya zauna.

Abin mamaki, seluloyid zalla bai yi ƙwallon biliyad mai kyau ba. Bai kai haure nauyi ba, ba ya tsalle irin nasa, gwanaye suka ƙi shi. Ladar dala 10,000 kuwa, tarihi bai nuna an taɓa miƙa wa Hyatt ita ba, Phelan ma ya rasu a 1871. Arzikin ya zo ta wasu ƙofofi. Suka fara da dasashin haƙoran roba, wanda bai yi farin jini ba saboda ɗanɗanon kafur da kuma laushin da yake yi in an sha shayi mai zafi. Suka koma matajin kai, maɓallan riga, ƙotar buroshi, wuyan riga da ake gogewa da tsumma ba sai an wanke ba, 'yar tsana ta yara. Abin da a da sai mai kuɗi ke riƙewa na haure ko na ƙoƙon kunkuru, yanzu 'yar aiki ma tana saye. A 1872 suka yi rajistar injin da ke tura narkakken seluloyid cikin mazubi, kakan injinan da ke fitar da bokiti da kujerun roba a Sharaɗa da Bompai yau. A 1889 kamfanin George Eastman ya fara sayar da fim na ɗaukar hoto da aka yi da shi, daga nan sinima ta samu abin da za ta tsaya a kai.

Kamfanin ƙwallon da Hyatt ya kafa a Albany bai mutu ba. Ya ci gaba da gyara cakuɗensa, yana haɗa seluloyid da garin ƙashi don ƙara nauyi, yana sayar wa ɗakunan wasa na talakawa, inda ake buƙatar ƙwallo 16 a tebur kuma ba mai iya sayen na haure. Manyan 'yan wasa dai suka riƙe haurensu har cikin shekarun 1920. Wanda ya raba gardama shi ne Leo Baekeland, ɗan Beljiyam mazaunin Amurka, da ya haɗa robar Bakelite a 1907 daga sinadaran fenol da fomaldehaid, babu auduga babu kafur. Wannan dangin roba tana da nauyi, ba ta shan raɓa, ba ta kama wuta da sauƙi, ba ta karkacewa. Ƙwallayen da ake buga manyan gasanni da su yau daga irinta ake yin su, akasari a masana'antar Saluc da ke wani ƙauye a Beljiyam, masu tambarin Aramith.

Seluloyid kuwa ya samu gidansa na gaskiya a wani wasan daban, wanda ba a ma ƙirƙire shi ba lokacin da Hyatt ke rumfarsa. Turawan Ingila sun fara buga tanis a kan teburin cin abinci a shekarun 1880, da ƙwallon toshiyar kwalba ko na roba mai tsalle. Na farko ba ya tashi, na biyu ya cika tashi, wasan ya ƙi armashi. Wajen 1900 wani Bature mai suna James Gibb ya je Amurka ya ga ƙananan ƙwallayen seluloyid marasa komai a ciki ana sayar wa yara, ya cika jaka ya koma gida. Da aka gwada su a tebur sai ga abin da ake nema: rashin nauyin da ya hana seluloyid yin biliyad shi ne ya sa ya dace da nan. Daga ƙarar da yake yi a kan tebur da faranti aka samo sunan Ping-Pong, wanda kamfanin Jaques na Landan ya yi wa rajista a 1901. Hukumar ƙwallon tebur ta duniya ta kafu a 1926, kuma duk gasar da aka yi daga nan har shekara kusan 90, da ƙwallon Hyatt aka yi ta.

Duk wanda ya buga ƙwallon tebur a makarantar kwana kafin 'yan shekarun nan ya riƙe wannan tarihi a hannunsa. In ƙwallo ya loɓa, a jefa shi a ruwan zafi, iskar ciki ta buɗe, jikin ya yi taushi, ya koma daidai. In ya fashe aka kai hanci, ƙanshin kafur ne ke fita. In yara suka kusanta masa ashana, kafin ƙiftawar ido ya cinye ƙurmus. Dabarar nan ta 1870 ce ba a canja ta ba: auduga, asid, kafur, zafi.

Wannan saurin kama wuta shi ya kawo ƙarshensa. Dokokin sufuri sun sa seluloyid cikin kaya masu haɗari, ajiyarsa da jigilarsa suna da tsada, masana'antun da ke yin sa suka yi ta raguwa. Hukumar ta riga ta ƙara girman ƙwallon daga milimita 38 zuwa 40 a shekarar 2000 don wasan ya rage gudu masu kallo a talabijin su riƙa gani. Daga Yulin 2014 kuma ta koma amfani da ƙwallon wata robar da ba ta da wannan haɗari, wanda ake rubuta wa 40+ a jiki. 'Yan wasa suka yi ta ƙorafi cewa sabon ba ya juyawa kamar tsohon, sautinsa ma daban. Da wannan sabon ƙwallo Aruna Quadri na Nijeriya ya doke Timo Boll na Jamus a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas.

Shi Hyatt bai tsaya kan roba ba. Ya yi rajistar ƙirƙira fiye da 200, har da matatar ruwan sha da injin matse rake. Kamfanin boris da ya kafa a 1892 shi ne inda Alfred Sloan ya fara aiki, wanda daga baya ya shugabanci General Motors. Ya rasu a 1920 yana da shekara 82.

Saura giwa. Ana son a ce roba ta cece ta, kuma da haka ne da na fi kowa murna. Amma a shekarun da seluloyid ke cika kasuwa, cinikin haure bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, domin masu kuɗi sun ci gaba da neman na gaske, Turawan mulkin mallaka kuma sun shigo da bindigogi da jiragen ƙasa da suka sauƙaƙa kisa da jigila. Ƙwallo da maɓallin fiyano sun bar haure, masu sassaƙa da masu kayan ado suka karɓa. Tsakanin 1979 da 1989 kaɗai, an ƙiyasta giwayen Afirka sun sauko daga kimanin miliyan 1.3 zuwa wajen 600,000, a lokacin da babu gidan da ba roba a cikinsa. A Yulin 1989 shugaban Kenya Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a bainar jama'a, a Oktoban shekarar kuma ƙasashen yarjejeniyar CITES suka haramta cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Madadi ya samu tun 1870, amma sai da doka ta shigo, bayan shekara 119, kisan ya lafa, kuma ragowar garken da ke dajin Yankari a Bauchi har yau masu gadi ne ke tsare da shi.